Kuɗin horas da ma'aikata: yadda majalisa ke neman bahasi daga ma'aikatun gwamnati, da inda ake samun giɓi

Duk manufar da gwamnati ta fito da ita, ta rigakafi ce, ta haraji ce, ko ta mayar da fayiloli kan kwamfuta, a ƙarshe teburin wani ma'aikaci za ta sauka. Shi zai cike fom, shi zai duba takardun mai neman lasisi, shi zai ce a biya ko kada a biya. In bai san abin da sabuwar doka ta tanada ba, to dokar tana nan a rubuce, amma jama'a tsohuwar hanya za su ci gaba da tararwa a ofis. Saboda haka layin horas da ma'aikata da ke cikin kasafin kowace ma'aikata, duk da ƙanƙantarsa in an gwada shi da albashi ko gine-gine, ya cancanci a zauna a yi masa duban tsanaki. Sau da yawa kuwa shi ne layin da ake tsallakewa cikin minti biyu a lokacin kare kasafi.

Ikon majalisa na yin tambaya ya samo asali ne daga ƙa'ida guda: gwamnati ba ta taɓa kuɗin baitulmali sai da amincewar wakilan jama'a, wanda kuma ya amince a kashe kuɗi yana da haƙƙin jin yadda aka kashe su. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Faransa ta 1789, a sashe na 15, ta ba al'umma haƙƙin neman bahasi daga kowane jami'in gwamnati kan aikinsa. Kundin tsarin mulkin Afirka ta Kudu, a sashe na 92, ya wajabta wa ministoci su riƙa ba majalisa cikakken rahoto a kai a kai kan abin da ke ƙarƙashinsu. A Najeriya, sashe na 67 na kundin 1999 ya ce minista zai halarci zaman majalisa in an gayyace shi don ya yi bayanin yadda ma'aikatarsa ke tafiya, sashe na 88 ya ba da ikon bincike, na 89 kuma ya ba da ikon aika sammaci, da karɓar shaida bisa rantsuwa, da ba da takardar kamo wanda ya ƙi amsa gayyata. Majalisun jihohi suna da irin wannan iko a sassa na 128 da 129. Sai dai sashe na 88 ya gindaya iyaka: ana binciken ne domin yin doka ko gyara ta, da kuma bankaɗo cin hanci, sakaci da almubazzaranci. Majalisa ba kotu ba ce, ba kuma ita ke zaɓar wanda za a tura kwas ba.

Wa ke amsawa

Mutum biyu ne ke ɗauke da nauyin. Minista yana amsa tambaya kan manufa: me ya sa aka zaɓi wannan hanya, me ake son cimmawa. Babban sakatare kuma shi ne jami'in da ke ba da bahasin kuɗi, shi ake riƙewa kan kowace bauca da aka biya. Kwamitin da bai bambance waɗannan biyun ba yakan ɓata zamansa, ya tsare minista da tambayar rasit, ko ya tsare babban sakatare da tambayar siyasa, kowannensu kuma ya nuna ɗan'uwansa.

Birtaniya tana da wani tsari da ya dace a sani. In minista ya nace a kashe kuɗi ta hanyar da babban sakatare yake ganin ta saɓa ƙa'ida, ko ba ta dace ba, ko ba za a samu amfanin da ya kai kuɗin ba, ko kuma aikin ba zai yiwu ba, babban sakataren yana iya neman umarni a rubuce daga ministan. Ana aika kwafin takardar ga babban mai binciken kuɗi. Daga nan alhakin ya koma wuyan minista, kuma majalisa ta san da maganar. Amfaninsa shi ne babu wanda zai zo daga baya ya fake da cewa umarni ne daga sama alhali babu takarda.

Tambaya da amsar da ba ta ƙosar

A ƙasashen da ministoci ke zama cikin majalisa, tambaya ita ce makamin yau da kullum. A Indiya akwai tambaya mai alamar tauraro, wadda minista ke amsawa da baki kuma a iya bin sa da ƙarin tambayoyi nan take, da marar tauraro wadda ake amsawa a rubuce. A majalisar dokokin Faransa minista yana da wata biyu ya amsa rubutacciyar tambaya. A ƙasashe masu tsarin shugaba mai cikakken iko, irin su Najeriya da Amurka, ministoci ba 'yan majalisa ba ne, don haka nauyin ya koma kan wasiƙun kwamitoci da zaman jin bahasi.

Ko ta wace hanya aka bi, tambayar da aka fi yi kan horo ita ce: nawa ma'aikatar ta kashe bara, mutum nawa aka horas? Amsar takan zo da jimla guda da adadi guda, kuma mai yiwuwa babu ƙarya a ciki. Amma ba ta gaya wa kowa komai ba. A ce an horas da mutum 800. Wanda ya zauna taron bita na awa uku a ɗakin taro an ƙirga shi ɗaya, wanda ya yi kwas na wata shida shi ma ɗaya, wanda ya je sau huɗu an ƙirga shi huɗu.

Wata amsar da ake yawan bayarwa ita ce ba a tattara wannan bayani a wuri guda ba. A Birtaniya ma ƙa'ida ta yarda ma'aikata ta ƙi amsa rubutacciyar tambaya in kuɗin haɗa amsar ya wuce wani ƙayyadadden adadi. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin kauce wa tambaya kawai, amma a batun horo sau da yawa gaskiya ce, kuma wannan gaskiyar ita ce cutar. Kuɗin horo a warwatse yake. Wani kaso yana layin hedikwata, wani yana kasafin hukumomin da ke ƙarƙashin ma'aikatar, wani yana cikin kwangilar sayen na'urori inda ɗan kwangila ya yi alkawarin koyar da masu amfani da su, wani yana cikin ayyukan da masu ba da tallafi daga waje ke biya wanda ƙila bai bi ta kasafi ba sam, wani kuma an ɓoye shi a layin tafiye-tafiye. Ma'aikatar da ba ta iya haɗa waɗannan a shafi ɗaya, ita kanta ba ta san abin da take kashewa ba. Ɗan majalisar da ya samu irin wannan amsa bai kamata ya naɗe tabarma ba, tambayarsa ta gaba ita ce: yaushe za a fara tattarawa, kuma wane jami'i aka ɗora wa aikin?

Tambaya mai amfani daga manufa take farawa. Misali, a ce majalisa ta zartar da sabuwar dokar sayen kayan gwamnati. Sai a tambaya: jami'ai nawa ne dokar ta shafi aikinsu kai tsaye, nawa daga cikinsu suka kammala horo kafin ranar da dokar ta fara aiki, a rarraba su bisa matakin albashi da kuma wurin aiki, hedikwata ko ofisoshin yanki, sannan nawa daga cikin waɗanda aka horas suke kan wannan teburin har yau? Tambaya irin wannan tana da adadin waɗanda ke buƙatar horo da adadin waɗanda suka samu, tana da lokaci, kuma ba a iya amsa ta da jimla ɗaya.

Wasu ƙasashe sun yanka kason da za a ware. Dokar bunƙasa ƙwarewa ta Afirka ta Kudu ta 1998 ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashi don horo. Manufar horo ta Indiya ta 2012 ta ba da shawarar aƙalla kashi 2.5. Wannan yana hana a share layin gaba ɗaya in kuɗi ya yi ƙaranci. Illarsa kuwa, abin da aka zuba kawai yake aunawa. Ma'aikatar da ta ga shekarar kuɗi na shirin ƙarewa alhali ba ta cika kasonta ba, sai ta jera tarukan bita a makonnin ƙarshe don kada kuɗin ya koma baitulmali. Duba ranakun da aka biya kuɗin kaɗai ya isa ya nuna wannan.

Inda horo ke lalacewa

Horo yana da matakai, kuma kowane mataki yana da ramin da ake faɗawa. Na farko shi ne gano buƙata: a gwada abin da aikin ke nema da abin da mai riƙe da aikin ya iya, a fitar da giɓin. Ana yin haka daga rahoton tantance ƙwazo na shekara, da ƙorafe-ƙorafen jama'a, da kura-kuran da mai binciken kuɗi ke maimaita gani. Inda ba a yi wannan ba, kamfanonin ba da horo ne ke tsara wa ma'aikata buƙatarta: su kawo takardar talla, a zaɓi kwas daga ciki, a nemo masa dalili daga baya.

Sai zaɓen waɗanda za su je, kuma a nan ne ɓarna ta fi yawa. Da zarar alawus ɗin tafiya ya zama wani kaso mai tsoka na abin da ma'aikaci ke samu, kwas ya tashi daga hanyar koyo ya koma hanyar saka wa na kusa. Alamun a bayyane suke ga wanda ya karɓi jerin sunaye ya karanta. Sunaye iri ɗaya suna dawowa shekara bayan shekara. Manyan jami'an hedikwata sun cika jerin, ƙananan ma'aikatan da ke fuskantar jama'a a ofisoshin nesa ba su ciki. An tura wanda saura masa wata takwas ya yi ritaya kwas mai tsada. An tura jami'in mulki horon da injiniya ko akanta ke buƙata. Duk wannan ba ya fitowa sai kwamiti ya nemi jerin sunaye ɗauke da lambar ma'aikaci, matakinsa, sashensa, da ranar ritayarsa, sannan a gwada da rajistar biyan albashi. A Najeriya tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya ta kwamfuta, wato IPPIS, da aka fara a 2007 yana ba da damar wannan gwaji ga hukumomin da ke cikinsa. Sunan da ke jerin mahalarta amma babu shi a rajistar albashi, tambaya ce da dole a amsa.

Batun mai ba da horon ma abin dubawa ne. Gwamnatoci da dama suna da makarantunsu. Najeriya tana da kwalejin horas da ma'aikatan gwamnati ta ASCON a Topo, Badagry, tun 1973, da cibiyar nazarin manufofi ta Kuru tun 1979. Ghana tana da cibiyar koyar da harkokin mulki ta GIMPA, Kenya da Afirka ta Kudu kowacce tana da makarantar horas da jami'an gwamnati. In ma'aikata ta tsallake irin waɗannan ta ba kamfani mai zaman kansa, ko ta tura mutane ƙetare, tana iya kasancewa da hujja, domin akwai fannonin da makarantun gwamnati ba su da malamansu. Amma a kawo hujjar a rubuce, a kuma nuna an bi ƙa'idar ba da kwangila. Wata dabara da masu bincike suka saba gani ita ce datsa kwangila ɗaya gida-gida, ta yadda kowane yanki zai faɗo ƙasa da adadin da ke buƙatar a yi gasa ko a nemi amincewar sama. Kwangiloli biyar masu take kusan ɗaya, ga kamfani ɗaya, a mako ɗaya, kwangila ɗaya ce.

Yana da kyau a raba kuɗin gida biyu: abin da aka biya don karatun kansa, wato malamai da kayan aiki, da abin da ya tafi a tikitin jirgi, masauki da alawus. In kaso na biyu ya rinjayi na farko da nisa, to tafiya aka saya. Wannan damuwa ce ta sa gwamnatoci kan taka wa tafiye-tafiye burki, kamar yadda gwamnatin Najeriya ta dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa ƙetare da kuɗin gwamnati na wata uku daga Afrilun 2024, in ba wanda ya zama dole ba.

Takardar sa hannun mahalarta, duk da ana raina ta, tana fallasa abubuwa da yawa. Mai duba na tsanaki yakan ga sunaye arba'in da rubutun hannu ɗaya da biro ɗaya, ko sa hannun kwana uku da aka yi a zama ɗaya, ko jami'in da ya sa hannu a garuruwa biyu a rana guda. Haka nan kuɗin da aka ba jami'i a hannu don shirya taro: ƙa'ida ita ce ya dawo da rasitai ya sauke nauyin kuɗin cikin ƙayyadadden lokaci, kuma kuɗin da ba a sauke ba yana cikin abubuwan da rahotannin binciken kuɗi suka fi nanatawa.

To ko da an yi horon da gaske, saura a san ko ya yi amfani. Tun 1959 wani masani ɗan Amurka, Donald Kirkpatrick, ya kasa auna horo hawa huɗu: ko mahalarta sun ji daɗinsa, ko sun koyi wani abu, ko sun canza yadda suke aiki bayan sun koma, da kuma ko sakamakon aikin hukumar ya canza. Yawancin rahotannin da ke isa majalisa a hawa na farko suke tsayawa, da fom ɗin da aka raba a ranar rufe taro. Hawa na biyu yana buƙatar gwaji kafin horo da bayansa. Na uku yana buƙatar a koma bayan wata uku zuwa shida a tambayi shugaban sashe, a duba fayilolin da mutumin ya yi aiki a kansu. Na huɗu shi ne ya haɗa horo da manufa: kwanakin da ake ɗauka kafin a fitar da takardar fansho sun ragu? Baucocin da ake dawowa da su saboda kuskure sun ragu? Ba kowane kwas ne ya cancanci a bi shi har hawa na huɗu ba, domin aunawar ma kuɗi take ci. Amma horon da aka ɗora nasarar wata babbar manufa a kansa, dole a faɗi ma'auninsa tun kafin a saki kuɗin.

Akwai kuma abin da ke kashe horo mai kyau bayan an dawo. A koya wa mutum manhaja alhali ofishinsa babu kwamfuta ko lantarki. A horas da shi kan binciken haraji, bayan wata biyu a yi masa canjin wurin aiki zuwa sashen sufuri. A kashe kuɗi mai yawa ya yi digiri, ya dawo ya ajiye aiki, takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu cewa zai yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru tana cikin fayil babu mai bibiya. Ba laifin horon ba ne, rashin magana ne tsakanin masu tsara horo da masu canjin wurin aiki da masu sayen kayan aiki, kuma babban sakatare ne kaɗai ke saman su ukun.

Mai binciken kuɗi da kwamitin asusun gwamnati

Ɗan majalisa ba shi da lokacin bin bauca ɗaya bayan ɗaya. Idonsa shi ne babban mai binciken kuɗi, wanda sanarwar Lima ta 1977, wadda hukumomin binciken kuɗi na ƙasashen duniya suka amince da ita, ta jaddada cewa dole ya kasance mai cin gashin kansa daga waɗanda yake bincika. A Najeriya sashe na 85 ya ba shi kwana 90 daga karɓar bayanan kuɗi na babban akanta ya miƙa rahoto ga majalisun biyu, su kuma su miƙa ga kwamitin asusun gwamnati. A Birtaniya an kafa wannan kwamiti a 1861, kuma bisa al'ada ɗan adawa ne ke shugabantarsa, tsarin da ƙasashe da dama suka ɗauka. Dokar 1983 da ta kafa ofishin binciken kuɗi na ƙasar ta ba shi ikon duba ko an samu amfanin da ya kai kuɗin da aka kashe, bayan duba ko an bi ƙa'ida. Irin wannan bincike na biyu shi ne horo ya fi buƙata, domin taron bita marar amfani yana iya zuwa da rasitai cikakku.

Babban abin da ke karya wannan hanya shi ne jinkiri. In rahoton ya makara da shekara biyu ko uku, jami'in da ya sa hannu ya yi ritaya ko an mayar da shi wata ma'aikatar, wanda ya gaje shi sai ya ce bai tarar da fayil ɗin ba. Na biyu shi ne rashin bibiya. Kwamiti ya yi zama, 'yan jarida su ɗauki faɗan, a rubuta shawarwari, shi ke nan. Majalisar wakilan Indiya ta kafa kwamiti na musamman tun 1953 wanda aikinsa shi ne tattara alkawuran da ministoci suka ɗauka a zauren majalisa, irin su "za mu duba" da "za mu kawo bayani", ya bi su har a cika, kuma wa'adin da aka saba bayarwa wata uku ne. A Birtaniya gwamnati kan mayar da martani a rubuce ga rahoton kwamiti cikin wata biyu. Ko majalisar da ba ta da irin wannan tsari tana iya yin abu mai sauƙi: magatakardan kwamiti ya riƙe rajista ɗauke da shawara, da jami'in da ya ɗauki alkawari, da ranar cikawa, sannan a buɗe zaman kare kasafi na gaba da karanta ta kafin a duba sabuwar buƙata.

Dole kuma a faɗi ɓangaren 'yan majalisar kansu. Kwamitin da hukumar da yake sa wa ido ce ke biya masa kuɗin tafiya da masauki, bakinsa ya riga ya yi nauyi. Haka wanda ya saka mutanensa cikin jerin masu zuwa kwas. A Najeriya, bin diddigin ayyukan mazaɓu da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara a 2019 ya nuna cewa ayyukan da ake yi wa laƙabi da horaswa da tallafi sun fi wahalar tantancewa, domin rijiya ko ajin makaranta ana iya zuwa a gani, taron kwana biyu kuwa da an watse sai hotuna. Majalisar da ke saka irin waɗannan layuka cikin kasafin hukumomin da ba aikinsu ba ne horaswa, da wane ido za ta tuhumi babban sakatare? Sannan 'yan majalisa suna canzawa a kowane zaɓe, ma'aikatan kwamiti ne ke riƙe da tarihin abin da aka tambaya da abin da aka amsa, don haka su ma horonsu a karanta kasafi da rahoton bincike yana cikin lissafin.

Wani kuskuren da kwamitoci ke yi in sun gano ɓarna shi ne su zaftare layin horon baki ɗaya a kasafi na gaba. Wanda ya ci kuɗin bai yi asarar komai ba. Mai asara shi ne ƙaramin jami'in da za a damƙa wa sabuwar doka ba tare da an koya masa ba, da mutumin da zai tsaya gaban teburinsa. Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗaure sakin kuɗin da sharaɗi: a saki kaso na farko bayan an kawo tsarin horo na shekara da sakamakon gano buƙata, a saki na biyu bayan an kawo jerin sunayen da aka gwada da rajistar albashi tare da shaidar sauke kuɗin baya, a kuma miƙa sunan duk jami'in da aka samu da hannu ga hukumar da doka ta ba ikon ladabtarwa ko gurfanarwa. Bayanan da suka shafi tsaro ko sirrin mutum ana iya karɓarsu a zaman sirri, don haka ba su zama dalilin ƙin kawo takardu ba.

Haka nan duk ƙudirin da zai sauya yadda ma'aikata ke aiki, ya kamata tun yana gaban kwamiti a nemi ma'aikatar ta haɗo shi da bayanin jami'ai nawa za a horas, wa zai horas da su, nawa zai ci, daga wane layi, kuma cikin wata nawa. In amsar ta nuna ana buƙatar wata tara, to a sa ranar fara aiki da dokar bayan wata tara.